Daminar da Aka Hana Ni Faɗuwa

Duk lokacin da na shigo Kazaure duba 'yata da jikoki, mai babur ɗin da ke ɗauko ni daga tasha yakan bi da ni ta bayan wata makaranta, kuma ban taɓa wuce wurin nan raina bai ɓaci ba. Akwai wani fili da aka zube wa rairayi, samari na kokawa a kai bayan la'asar, ga wani mutum da usur a wuya da suke kira koci. Rannan na ce wa mai babur ya sauke ni, zan ƙarasa da ƙafa. Na jingina da katanga ina kallo. Wani dogon saurayi, da ganin ƙirjinsa ka san shi ne gwaninsu, sai ga wani ɗan firit ya taɗe shi ya zube. Ya tashi yana dariya, yana kakkaɓe rairayi daga ƙeya, kocin ya hura usur ya ce a sake. Aka sake, ya sake faɗuwa. Babu wanda ya yi ihu, babu wanda ya ruga cikin gari da labari, mai rake da ke gefe ko ɗago kai bai yi ba. Da kocin ya lura da ni, ya zo ya rusuna ya gaishe ni, ya ce saurayin jinya ya yi, an koya masa sabon kamu, kuma ba zai bar shi ya koma gasa ba sai jikinsa ya saba da shi. Ya ce, “Baba, ko a kawo maka kujera?” Na ce masa a'a, na ga abin da zan gani.

'Yata cewa take haushin yaran zamani nake ji, wai don ba su da kiɗa. To, akwai wannan ma. Kokawa ba ganga, ba guɗa, ba kirari, sai usur kamar ana tsayar da mota a hanya, wannan ai motsa jiki ne kawai. Amma ba shi ke cina ba. Abin da ke cina, Allah ya sani, kishi ne. Ina kishin faɗuwar da saurayin nan yake yi ba tare da duniya ta tashi ba. Ni irin wannan faɗuwar na roƙa damina guda cur, aka hana ni.

Ƙauyenmu yana tsakanin Roni da Gwiwa, a gindin duwatsu, irin wurin da in aka buga ganga sai dutse ya maido maka da sautinta. Lokacin da muke samari, a kunne ake fara jin kaka ta shigo. Da sassafe lugude daga kowane gida, karan dawa na ƙaras-ƙaras in iska ta ratsa su, jakuna na shigowa da damman gero, shanun Fulani sun fara sauka gonakin da aka girbe, maruƙa na kukan iyayensu. Mu yini muna yankan gero da ɗaurin dami, mu kai gindin rumbu, wuya da hannu duk ƙaiƙayi, amma da makaɗi ya taɓa gangarsa bayan la'asar sai gajiya ta gudu. Kowa ya jefar da magirbi ya ɗaura walki. Yanzu ka je ƙauyen nan da kaka, abin da za ka ji injin casa ne da ƙarar babura. Samarin kuwa rabinsu na birni suna tuƙa adaidaita sahu, sauran sun duƙufa a kan waya a gindin darbejiya. Fagen da muke kokawa an yayyanka shi an sayar, har an yi gini a kai.

Amma kada in yi ta yabon da kamar ba shi da aibi. Akwai wata al'ada tamu da kowa ya sani ba sai an gaya masa ba: babu faɗuwar wasa. Yara ƙanana su yi ta birgima a rairayi, ba ruwan kowa. Amma ranar da makaɗi ya yanka maka take naka na kanka, ya kira ka da shi a fage, daga ranar duk inda bayanka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa a hannun wani namiji, an kayar da kai ke nan, ko a gona ne, ko a bakin rijiya, ko da wasa, ko da gangan. Kawu Sale, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe mu tun rasuwar mahaifina, shi ke shugabantar 'yan kokawar garin, kuma yana da maganar da yake maimaita mana har muka haddace: “Bayanka ba naka ba ne, na gari ne. In ya taɓa ƙasa, mu ka kayar.” Ba da wasa yake faɗa ba. Shi kansa gwani ne a zamaninsa, kuma har ya tsufa, ko zama zai yi a tabarma sai ya waiga ya tabbatar ba wanda ya dafa shi.

Ni kuwa kamu ɗaya na iya, amma fa na iya shi. In cusa hannun dama ta ƙarƙashin hammatar mutum, in kama bayan walkinsa, in sunkuce shi sama, in juya in ajiye shi. Kokawata ke nan gaba ɗaya. Daga Roni har ƙauyukan Babura an san ni da shi, an kuma san shi zan yi, amma sanin bai taɓa ceton kowa ba. Sai wata kaka, a wani gari wajen Kanya Babba, aka haɗa ni da wani ƙato mai nauyin tsiya. Na sunkuce shi yadda na saba, na kai shi ƙasa, mutanenmu suka ɓarke da ihu, ni kuwa na ji wani abu ya yi ƙas a kafaɗata, hannun ya saki kamar ba nawa ba. Maɗori ya mayar da ƙashin wurinsa, ya shafa mai, ya ɗaure. Ya warke, har na koma noma. Amma da na ɗaga abu mai nauyi ya wuce ƙirji sai in ji kafaɗar na neman zamewa. Kakar da ta biyo ina zaune a gefen fage ina kallo, wani saurayi daga wata ruga wajen Gwiwa, Ja'e sunansa, siriri mai dogayen ƙafafu, ya zo har gida ya kayar da duk wanda muka fito da shi. Ranar ko tuwo Kawu bai ci ba. Tun daga nan duk inda na wuce abu ɗaya ake ce mini: “Sai baɗi, in ka tashi.”

A farkon daminar ne Baba Isaka ya sauka a zauren Kawu. Mutumin Nijar ne, mai fataucin kanwa da dabino. Ya saba sauka wurinmu in ya zo cin kasuwanni, amma wannan karon ciwon ƙugu ya kama shi har ya kasa komawa, ya ce zai zauna sai ruwa ya ɗauke. Tsoho ne gajere, ba shi da yawan magana, komai aka faɗa masa kuɗinsa sai ya juya shi zuwa sefa kafin ya ce ya yi tsada. Ashe tsohon ɗan kokawa ne, ya zaga manyan garuruwan can. Wata rana ya ga ina ɗora buhu a kan jaki, ya ga yadda na karkace don kada kafaɗar ta ɗauki nauyin, sai ya ce, “Ɗana, kai ne ake jira da kaka?” Na ce ni ne, Baba. Ya ce, “Da wannan hannun?” Na dafe kafaɗar da hannun hagu. Ya ce, “In ka sake sunkutar mutum da shi, ka gama kokawa har abada, wataƙila har da noma. Amma ai kana da ƙafafu. Allah ya ba ka biyu, ban ji an ce kana amfani da ko ɗaya ba.”

Haka ya fara koya mini taɗiya. A cikin zaure, bayan mun dawo daga gona, ruwa na zuba daga indararo, shi ya dogara da sanda, ni na duƙa a gabansa. Ya nuna mini yadda zan sauke ƙugu ƙasa, in riƙe wuyan mutum da hannun hagu, in ɗora na dama a kan damtsensa kawai ba tare da nauyi ba. Sannan in jira. Duk ɗan kokawa, in ji shi, dole ya sauya ƙafa, kuma akwai wani ɗan lokaci da nauyinsa ya bar ƙafa ɗaya bai gama isa ɗayar ba. A nan ake saƙala ƙafa ta ciki a ja. In ka yi gaggawa ka bugi gungume, in ka makara ka bugi iska, kuma a duka biyun kai ne a ƙasa. Na fahimci maganar tun ranar farko, wallahi na fahimta, har na ce masa ai abin ba wuya. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, “Kunnenka ne ya ji. Ƙafarka ba ta ji komai ba tukuna, kuma ita ce za ta yi aikin. Wannan lokacin ba a ganinsa da ido, a jikin mutum ake jinsa. Sai ka sami mai rai wanda ba ya son faɗuwa, ya yi ta kayar da kai, ya yi ta kayar da kai, har ranar da ƙafarka za ta tafi da kanta ba ka aike ta ba. Ni ƙuguna ba zai iya ba. Nemo wani.”

Na nemi Haladu, abokina tun muna kiwon awaki. Shi ma yana kokawa, amma irin ta tsaka-tsaki, ba shi da take. Ya ce, “Kai, ka san abin da kake faɗa kuwa?” Na ce ba wanda zai gani. Muka sulale zuwa ƙorama ta bayan dutse, inda rairayi ke da laushi, Baba Isaka na biye da mu yana ɗingishi. Kamun farko na kai ƙafa da wuri, Haladu ya ɗan ture ni kawai, na zauna daɓas. Ya ja da baya yana salati kamar wanda ya yi kisan kai. Baba Isaka ya ce, “Madalla. A sake.” Muka sake, na faɗi. Muka yi ta yi har rana ta yi ja, kuma can wajen ƙarshe, sau ɗaya tak, na ji abin. Na ji nauyin Haladu ya taso daga ƙafar hagu yana tafiya, yadda kake jin ruwa na motsi a tulu in ka ɗauko shi bai cika ba. Ƙafata ta makara, amma na ji shi. Na koma gida ina murmushi ni kaɗai, baya duk rairayi. Abin da ban sani ba, wasu mata da suka zo wanki suna bayan duwatsu, sun ga komai.

Washegari kafin hantsi babu gidan da labarin bai shiga ba. Haladu ya kayar da gwanin gari, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. A bakin rijiya 'yan mata na ganina sai su rufe baki da gyale. Ranar kasuwa aka kai maganar Roni, aka dawo da ita ta ƙara ƙiba, wai har kuka na yi. Mahaifin Haladu ya rantse in ya sake jin an ga ɗansa da ni a ƙorama sai ɗan ya bar masa gida, don mutane sun fara cewa Haladu asiri ya yi mini. Kawu ya sa aka kira ni zaure. Na durƙusa daga bakin ƙofa, Baba Isaka na zaune a kan buzunsa a gefe.

“Ashe abin da ka koma ke nan?” in ji Kawu. “Haladu? Haladun da ko take ba shi da shi?”

Na ce, “Allah ya huci zuciyarka, Kawu, koyo nake yi. Kafaɗar nan ba za ta ɗauki mutum ba.”

“Koyo! Wanda ake yi wa kirari gari-gari shi ne zai koma koyo a gaban mata masu wanki? Ka san yanzu a rugar su Ja'e dariya ake mana?”

Baba Isaka ya gyara murya ya ce, “Malam Sale, a gafarce ni in sa baki. A can wurinmu, gwanaye ma kafin gasa sukan keɓe su yi ta kayar da juna, ba a lissafa ta. Ɗanka in bai faɗi yanzu a hannun abokinsa ba, zai faɗi da kaka a gaban jama'a, kuma wannan ba ta tashi ba ce.”

Kawu ya dube shi ya ce, “A can wurinku ke nan, Malam Isaka. Kai baƙonmu ne, muna ganin girmanka. Kanwa ka kawo mana, mun saya.”

Baba Isaka ya gyara zama a kan buzunsa. Mutumin da ke cin tuwon gida, yana kwana a zauren gida, ina zai kai gardama da maigida?

Kada a ce Kawu mugu ne. Ba mugu ba ne, ya fi kowa son in yi nasara, shi ya sa ya zauna ya nemo mafita irin tasa. Ya sa aka saro reshen marke mai kauri aka kafa a bayan gida, cikin danga inda ba mai gani, aka naɗe shi da tsummokara da tsohon buhu. Ya ce, “Ga abokin kokawa nan. Taɗe shi har ka gaji, ba zai kai labari kasuwa ba.” Ya ƙara mini da fura da nono safe da yamma, da rubutun sha, da sabon kambu. Haka na ƙare damina ina rungumar turke. Kai, jama'a! Ka duƙa, ka riƙe wuyan itace, ka jira ya sauya ƙafa. Yaushe itace zai sauya ƙafa? Ƙaurina ya yi kanta, ƙuguna ya yi ƙarfi, na iya kai ƙafa da sauri kamar bulala, amma abin nan da na ji sau ɗaya a ƙorama sai dusashewa yake yi, har na wayi gari na kasa tuna yadda yake. Wani lokaci in zauna a gindin turken in ji kamar in fasa ihu don takaici. Inna, mahaifiyata, in ta fito shanyar kuɓewa takan leƙo ta ce, “Wai kai da icen nan, wa ke cin wani?” Ita a ganinta raha take mini.

Da na dami Kawu da magiya, sai ya yi mini sassauci, kuma sassaucin ya fi hanin ciwo. Ya turo mini wani saurayi daga cikin yaransa, bayan ya ja shi gefe ya yi masa magana. Muka shiga cikin danga. Ina kai hannu wuyansa, ƙafata ba ta ma tashi ba, ya zube yana cewa, “Kai, gwani, ka gama da ni!” Na ce, “Don girman Allah tashi ka tsaya da ƙarfinka.” Ya matso ya ce a hankali, “Ka rufa mini asiri, a garin nan nake son in ci gaba da zama.” Baba Isaka da ke kallo ya ɗauki sandarsa ya koma zaure, bai sake zuwa wurin turken ba.

Da ruwa ya ɗauke, gero ya nuna, ƙugunsa ya yi sauƙi, ya ɗaure kayansa. Na raka shi har bakin hanyar da ake samun motar Babura. A nan ya ce, “Kada ka shiga bana. Abin da na ba ka ɗanye ne, wanda ka saba kuma ya karye. Ka ce ba ka warke ba. Ka biyo ni can da rani, akwai yarana, za su kayar da kai har ka ƙoshi, baɗi sai ka dawo.” Na kawo wa Kawu maganar yana alwalar magariba. Bai ko juyo ba. Ya ce an riga an aika wa su Ja'e goron gayyata, sun karɓa, sun ci, an gaya wa makaɗa, dagaci ma ya sani. A wurinmu kuwa in aka ci goron kokawa, ko a ɗauke ne sai an kawo ka fage. Ya ɗauraye ƙafarsa ya ce, “Ka sha faɗuwa a ƙorama mun haɗiye. Yanzu kuma so kake a ce ka gudu?”

Ban taɓa ganin fagenmu ya cika kamar ranar ba. Mutane har kan duwatsu, Fulani sun jeru gefe guda da sandunansu a kafaɗa, matansu sun ajiye ƙoren nono sun bar ciniki. Aka yi kokawar ƙanana aka gama. Da makaɗi ya juya gangarsa ya saki takena, wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Ja'e ya fito ba kirari, ba tsalle, ya ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu. Muka kama. Na sauke ƙugu yadda aka koya mini, hagu a wuyansa, dama a damtsensa. Na ji ya ɗan yi turus, don ba haka ya san ni ba. Muka zaga, muka zaga. Sai ya sauya ƙafa. Na gani da idona, ƙafar hagunsa a buɗe, na kai tawa da duk saurin da na tara a damina, na bugi iska. Ya riga ya sauka. Na yi taga-taga, da ƙyar na tsaya. Ya sake sauyawa, wannan karon na yi gaggawa, ƙaurina ya bugi nasa, bai ko motsa ba.

Daga nan fage ya fara gunaguni, kuma ina jin su sarai. “Me yake yi haka?” “Rawa ya zo yi mana?” Sai muryar Kawu ta fito sama da ta kowa: “Sunkuce shi! Sunkuce shi mana!” Jama'a suka ɗauka baki ɗaya, makaɗi ya matso har ina jin gangar a cikin haƙarƙarina, yana buga taken nan da aka yanka don sunkuta. Ban tuna na yanke shawarar komai ba. Hannun dama ne ya tafi da kansa inda ya saba zuwa tun ina yaro, ya shige ƙarƙashin hammata, ya kama walki. Ja'e ba shi da nauyi, ƙafafunsa suka bar ƙasa, na ji guɗa ta tashi. Sai kafaɗar ta fita. Wannan karon ba ƙas ta yi ba, ji na yi kamar an yage tsumma a cikin jikina. Na zube a kan gwiwoyina, shi ya sauka a tsaye. Bai ture ni ba, bai ɗaga hannu ba, ya riƙe ni ta ƙugu har mutanenmu suka iso. Gangar ta tsaya a tsakiyar take.

Maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Har yau hannun nan ba ya wuce kafaɗa, hula ma da hagu nake sawa. Na lallaɓa noma na wasu shekaru, daga baya na haƙura na kama awon hatsi a kasuwa. Amma abin da ya fi kafaɗar ciwo shi ne hukuncin da gari ya yanke. A zaure, a ƙofar masallaci, a bakin rijiya, magana ɗaya: baƙon nan ne ya lalata masa kokawa, da ya sunkuce shi tun kamun farko, kafin ya gajiyar da kansa da rawar Nijar, da an gama. Haba! Ni da kafaɗar ke jikina, ba wanda ya taɓa tambayata. Kawu ya riƙe wannan magana har ƙarshen ransa, ni kuwa ɗan da ya riƙa ne, ba ni da bakin da zan ce masa ba haka ba ne. Baba Isaka bai sake sauka a garinmu ba, ban sani ba ko labarin ne ya kai masa, ko ƙugun ne ya zaunar da shi. Haladu ya tafi birni bai dawo ba.

Ban sake haɗuwa da Ja'e ba sai da furfura ta gama da mu duka, 'yan shekarun nan, a kasuwar dabbobi ta Babura, na je sayen ragon sunan jikana. Wani tsoho siriri da rawani ya yi ta kallona, can sai ya kira ni da sunan da makaɗi ke kirana da shi, sunan da ko 'ya'yana ba su sani ba. Muka gaisa, muka tambayi iyali da shanu, ya ja ni inuwar rumfa ya sa aka dama mana fura. Hira ta kai mu inda dole ta kai. Na ce masa cikin raha, “Kun dai sha dariya a ruga lokacin da aka ce Haladu na kayar da ni a ƙorama.”

Ya ajiye ludayi ya dube ni. “Dariya? Wa ya gaya maka?” Ya girgiza kai. “Wallahi ranar da labarin ya zo, baffana kasa cin abinci ya yi. Ya ce gwanin da ya yarda ƙarami ya yi ta kayar da shi, wani abu yake koyo, kuma ƙafa ce, tunda kafaɗa ta tafi. Ni kuwa ka ga ƙafafuna, dogaye ne, ban taɓa iya tsare su ba. Ko ƙannena a wurin kiwo da taɗiya suke kayar da ni kullum. Har an yi shawara in kun kawo goro a ce an tura ni kudu da shanu.”

Na ce, “To me ya sa kuka karɓa?”

Ya ce, “Ai sai muka ji an kafa maka itace.”

Ya ci gaba da shan furarsa, ni kuwa na ajiye tawa na yi masa sallama. Na sa aka ɗaure mini ragon a babur, muka kamo hanyar gida, maganar na cikin bakina, ina ta ce wa mai babur ya ƙara wuta kamar akwai mai jirana. Sai da na sauka a ƙofar zauren Kawu na tsaya da igiyar rago a hannu. Kawu na maƙabarta, makaɗin ma haka, da duk waɗanda suka yi ihu a sunkuce. Babu ko mutum ɗaya da ya rage a garin da zan gaya wa.